Wa zai kai wani ƙasa? Hasashen damben ajin masu nauyi da abin da ya faru a Kinshasa



Duk lokacin da aka tsayar da ranar dambe tsakanin manyan 'yan boksin na ajin masu nauyi, musamman idan kambun duniya ne za a ɗauka, gardama kan riga damben shigowa gari. A majalisu da teburin mai shayi da gidajen kallo kowa ya zama gwani. Wannan ya ce wane ba zai ga turmi na huɗu ba, wancan ya dafa ƙirji ya rantse da Allah cewa ranga-ranga za a fitar da shi. Daga nan sai a zaro waya, a shiga manhajar caca, wai don a ƙarfafa magana da kuɗi. Wani matashi ya tare mu bayan sallar Isha'i da tambaya a kan haka. Ya ce: "Malam, idan mutum ya ce wane ne zai ci, ya shiga hurumin gaibu ke nan? In bai shiga ba, me ya sa malamai ke ɗaure fuska da zarar an kawo zancen?"

Tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye a ƙofar masallaci. Shi ya sa muka ga ya fi dacewa mu ɗauki dambe guda wanda kusan duk masana suka haɗu a kan sakamakonsa tun ba a yi shi ba, mu duba yadda aka gina hasashen da inda ya tsage, sannan mu ɗora shi a ma'aunin shari'a.

Kinshasa, 1974

An yi damben ne ranar 30 ga Oktoban 1974 a Kinshasa, babban birnin Zayar, ƙasar da a yau ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Shugaba Mobutu Sese Seko ne ya karɓi baƙuncinsa don ya ɗaga sunan ƙasarsa da nasa, kuma an yi wa kowane ɗan dambe alkawarin dala miliyan 5, kuɗin da ba a saba jin irinsu ba a wancan zamani.

Mai riƙe da kambu shi ne George Foreman, ɗan shekara 25. Ya yi dambe 40 ba a taɓa cin sa ba, kuma a 37 daga ciki ya gama da abokin karawarsa kafin lokaci ya cika. A watan Janairun 1973 ya ƙwace kambun daga hannun Joe Frazier a Kingston ta ƙasar Jamaika, bayan ya kai shi ƙasa sau shida cikin turmi biyu. A watan Maris na 1974 ya yi wa Ken Norton irin wannan aika-aika a Karakas, shi ma a turmi na biyu.

Mai neman kambun kuwa Muhammad Ali ne, ɗan shekara 32. An tuɓe shi a 1967 saboda ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam, ya zauna shekara uku da rabi ba ya dambe, a daidai shekarun da ɗan dambe ke ganiyarsa. Da ya dawo, mutum biyu ne suka doke shi: Frazier a 1971, da Norton a 1973, wanda har ya karya masa muƙamuƙi. Gaskiya ne ya rama a kan kowannensu daga baya, amma da maki ya rama, bayan an kai turmi na ƙarshe ana gwabzawa.

Lissafin masu hasashe a nan yake, kuma yaro ma zai iya bin sa. Mutum biyu sun gagari Ali. Foreman ya tattake su biyun, kowanne cikin minti shida bai cika ba. To ina Ali zai sa kansa? Masu caca suka ba Foreman rinjayen kusan huɗu da ɗaya. Marubuta wasanni da dama sun daina tambayar wa zai ci, suka koma tambayar ko Ali zai fito lafiya. Archie Moore, tsohon zakara wanda ke cikin masu taimaka wa Foreman, ya faɗa daga baya cewa addu'a ya riƙa yi kada yaronsu ya kashe Ali a gaban jama'a.

Ba mu ga laifin waɗanda suka yi wannan lissafi ba, domin da hujja suka yi shi. Sai dai akwai wata ƙididdiga da kowa ke ɗauka a matsayin yabo ga Foreman alhali gargaɗi ce. Dambensa takwas na ƙarshe kafin Kinshasa, babu wanda ya wuce turmi na biyu. In an haɗa turamen duka takwas ɗin, goma sha biyar ne, wato tsawon damben kambu guda ɗaya a wancan lokaci. Ma'ana, an yi kusan shekara uku ba wanda ya ga yadda Foreman yake idan numfashi ya fara yi masa wuya. An san ƙarfin hannunsa sarai, juriyarsa kuwa an daɗe ba a gwada ta ba. Wanda ya koma baya kaɗan zai tarar da wani ɗan Ajantina, Gregorio Peralta, wanda bai kai shi girman jiki ba, amma ya ja shi har turmi na goma sau biyu, a 1970 da 1971. Labarin yana nan a rubuce, idon jama'a ne ya tafi kan faɗuwar Frazier.

Sai kuma abin da babu mai iya sa shi a lissafi. Ranar 25 ga Satumba aka shirya yin damben. Ana saura kwanaki, gwiwar hannun wani abokin atisaye ta tsaga wa Foreman saman idon dama, dole aka ɗage da mako biyar. Ya zauna a ƙasar da bai sake da ita ba, yana jiran rauni ya warke. Ali kuwa ya shiga jama'a, yana gudu a tituna yara na bin sa, har mutanen Kinshasa suka mayar da shi ɗan gida, suna yi masa kirari da harshen Lingala cewa ya kashe shi.

An shiga fage da misalin ƙarfe huɗu na asuba, domin a yi daidai da lokacin kallo na dare a Amurka. Mutum wajen dubu 60 ne a filin. Ali ya yi makonni yana shelar cewa rawa zai yi, wato zai riƙa zillewa yana kewaye Foreman har ya gajiyar da shi. A turmin farko ya yi abin da ba a zata ba, ya riƙa kai wa zakaran hari da hannun dama kai tsaye, abin da 'yan dambe ke ɗauka raini ne. Amma daga turmi na biyu sai ya koma jikin igiya ya jingina, ya kare fuska da hannuwa, ya bar Foreman yana jibgar damatsansa da haƙarƙarinsa. Mutanensa, har da mai horar da shi Angelo Dundee, suna ta ihu ya bar igiyar. Shi kuwa ya lura cewa Foreman ya iya tare hanya, kuma in ya ci gaba da zillewa shi zai riga gajiya. Ya riƙa riƙe masa wuya, yana raɗa masa maganganun tsokana a kunne, yana kuma sakar masa naushi a fuska duk lokacin da ya samu kafa. Kafin turmi na shida hannuwan Foreman sun yi nauyi. A turmi na takwas, saura 'yan daƙiƙoƙi a tashi, Ali ya fito daga kusurwa da jerin naushi, na ƙarshe hannun dama, Foreman ya yi juyi ya zube. Alƙalin wasa Zack Clayton ya ƙirga, dambe ya ƙare. Ba a jima ba ruwan saman da aka yi ta fargabar zai ɓata taron ya kece kamar da bakin ƙwarya.

A lura da wani abu. Masana sun kuskure wanda zai ci, shi kuma wanda ya ci ya kuskure yadda zai ci. Dabarar da ta ba shi nasara a cikin fagen ya yanke shawarar dogara da ita, ana tsakar dukansa.

Da aka sa masa makirfo bayan damben, Ali ya gode wa Allah, ya kuma yabi Elijah Muhammad. Yana da kyau mai karatu ya san cewa a lokacin yana cikin ƙungiyar Nation of Islam, wadda aƙidarta ta saɓa wa Musulunci a manyan ginshiƙai, duk da cewa ya riga ya je Makka a 1972. Sai bayan rasuwar Elijah a 1975, da ɗansa Warith Deen Mohammed ya juya akalar mabiya zuwa tafarkin Sunna, Ali ya bi shi, kuma a kan haka ya rasu a watan Yunin 2016.

Mutumin da ke faɗin turmi

Ali ya dace da wannan bincike ta wata fuskar kuma, domin shi ne ɗan damben da ya mayar da hasashe sana'a. Tun yana amsa sunan Cassius Clay yakan faɗi turmin da zai kayar da mutum. Ya ce Archie Moore zai faɗi a na huɗu a 1962, haka aka yi. Ya ce Henry Cooper ba zai wuce na biyar ba a Landan a 1963, haka aka yi, ko da yake Cooper ya kai shi ƙasa a ƙarshen na huɗu, ƙararrawa ce ta cece shi. Waɗannan su ne jama'a ke tunawa. An fi mantawa da Doug Jones, wanda a shekarar nan ta 1963 aka yanka wa turmi na huɗu amma ya tsaya har na goma. A karawarsa da Sonny Liston a Fabrairun 1964, marubuta 43 cikin 46 sun ce Liston ne zai ci. Clay ya ce zai gama da shi a na takwas, Liston kuwa ya ƙi tasowa daga kujera a farkon na bakwai. A 1971 ya yanka wa Frazier turmi na shida, sai ga shi Frazier ne ya kai shi ƙasa a na goma sha biyar ya kuma cinye da maki.

Wannan mutum ne da ya san jikinsa, ya nazarci abokin karawarsa, kuma da hannunsa za a yi aikin. Duk da haka yana dacewa yana kuskurewa. Ina ga wanda ke zaune a benci a nisan dubban kilomita yana kallo ta waya?

Kirdado da da'awar gaibu

Yanzu mu koma ga tambayar matashin nan. Malamai sun bambanta tsakanin mai da'awar sanin gaibu da mai kirdado bisa alamomi na zahiri. Manomi ya dubi hadari ya ce yau za a yi ruwa, likita ya dubi gwaji ya ce zazzaɓin zai sauka cikin kwana uku, babu wanda ya taɓa hurumin Ubangiji a cikinsu, matuƙar sun san zato ne mai rinjaye wanda zai iya saɓawa. A cikin sira ma akwai misali. Gab da yaƙin Badar an kama wasu masu ɗebo wa Ƙuraishawa ruwa, aka tambaye su yawan rundunar suka kasa faɗa. Sai Manzon Allah (SAW) ya tambaye su raƙuma nawa ake yankawa kullum, suka ce wata rana tara wata rana goma. Daga nan ya ƙiyasta cewa mutanen suna tsakanin 900 da 1,000, kuma haka abin yake. Wannan aiki ne da hankali, kuma Musulunci bai taɓa hana shi ba.

Saboda haka wanda ya dubi shekarun 'yan dambe biyu, da tsawon hannu, da nauyi, da irin mutanen da kowa ya kara da su, ya ce a ganinsa wane ya fi kusa da nasara, bai yi laifin aƙida ba. Inda ƙafa ke zamewa shi ne wurin yanke hukunci, a ce dole ne, babu makawa. Malaman tafsiri sun kawo cewa Ƙuraishawa sun yi wa Annabi (SAW) tambayoyi, ya ce su dawo gobe zai ba su amsa, bai haɗa da in Allah Ya so ba, sai wahayi ya yi jinkiri na kwanaki. Ayoyi na 23 da 24 na Suratul Kahfi sun sauka da wannan ladabi. Idan an koya wa fiyayyen halitta haka a kan abin da shi da kansa zai yi gobe, mai magana a kan abin da wasu ƙarti biyu za su yi wa juna a wata nahiya ya fi buƙatar ya sassauta harshe.

Rantsuwa kuma tana da nata hukunci, kuma a nan ne mutane suka fi sakaci. A wurin malaman Malikiyya, rantsuwar da aka rataya a kan abin da zai faru nan gaba, in bai faru ba, kaffara ta hau kan mai ita, ko da ya yi ta ne yana da yaƙini a zuciyarsa. Kaffarar ita ce ciyar da miskinai goma, ko tufatar da su, ko 'yanta wuya, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Shafi'iyya sun yi rangwame a kan wadda ta suɓuce a baki ba da nufi ba. Amma wanda ya miƙe tsaye ya nuna sama ya ce wallahi tallahi sai wane ya faɗi a turmi na uku, da wuya a ce suɓutar baki ce. Da za a bi majalisu washegarin kowane babban dambe a ƙirga, da miskinan unguwa sun ƙoshi.

Akwai kuma mataki na uku wanda shi ne mafi haɗari, wato zuwa wurin ɗan duba ko boka a tambaye shi wa zai ci. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa mai zuwa ya yi irin wannan tambaya ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Dambe ya daɗe da wannan ƙazanta. A namu na gargajiya an san layu da guraye a damtsen 'yan wasa. A Kinshasa ma ɗan jarida George Plimpton ya ba da labarin raɗe-raɗin da ya ji, cewa wani boka ya ce wata mace mai rawar hannu za ta karya lagon Foreman. Wanda ya kalli damben ya san abin da ya karya lagonsa: minti ashirin da wani abu yana jibgar mutumin da ya ƙi faɗuwa. 'Yan duban wannan zamani ba su zana ƙasa, shafi suke buɗewa a intanet su ce suna da tabbataccen sakamako, a biya a karɓa. In sun ce daga aljanu ne, bokanci ne. In sun ce an sayar da wasan ne, to ko dai ƙarya suke yi ko kuma suna tallar ha'inci.

Abin da ya sa wannan aji ya fi gagara

A ƙananan azuzuwa, wanda ya fi ƙwarewa yakan tara maki ya ci, domin naushi ɗaya bai cika ƙare magana ba. A ajin masu nauyi, inda a yau ake farawa daga sama da kilo 90, kowane mutum yana ɗauke da abin da zai iya kashe wa ɗan'uwansa fitila a daƙiƙa guda. Ƙwarewar turmi tara tana iya tafiya a kuskure ɗaya.

Ranar 11 ga Fabrairun 1990 a Tokiyo, an ba Mike Tyson rinjayen 42 da ɗaya a kan James Buster Douglas, har yawancin gidajen caca suka ƙi karɓar kuɗi a kan damben. Mahaifiyar Douglas ta rasu kwana 23 kafin ranar. Masu lissafi za su ce wannan zai karya masa zuciya, sai ya zama shi ya ƙarfafa ta. Tyson ya kai shi ƙasa a turmi na takwas, ya tashi, ya gama da Tyson a na goma. A Afrilun 2001, Hasim Rahman, Musulmi ɗan Baltimore, ya isa Afirka ta Kudu da wuri don jikinsa ya saba da iskar tudun Johannesburg, Lennox Lewis kuwa ya makara yana wurin ɗaukar fim a Las Vegas. Hannun dama guda a turmi na biyar ya raba Lewis da kambunansa. Wata bakwai bayan haka Lewis ya rama a turmi na huɗu, waɗanda suka koma bayan Rahman su ma suka sha ƙasa. Na kusa-kusan nan shi ne na 1 ga Yunin 2019 a New York, inda Andy Ruiz, wanda aka ɗauko cike gurbi bayan Jarrell Miller ya faɗi gwajin ƙwayoyi, ya kai Anthony Joshua ƙasa sau huɗu aka tsayar da damben a turmi na bakwai. 'Yan Najeriya da yawa sun kwana da takaici a daren nan saboda asalin iyayen Joshua, wasu kuma da ramin aljihu.

Kada a fahimce mu da cewa masana ba su san komai ba. Galibi wanda aka fifita shi ke ci, shi ya sa ma ake tuna waɗannan ranaku. Amma galibi daban, kullum daban, kuma a tsakanin su biyun ne kamfanin caca ya kafa shagonsa.

Idan kuɗi ya shigo

Hasashen da ya halatta a baki, da zarar an ɗora masa kuɗi daga ɓangarori biyu, wanda ya dace ya kwashe na wanda ya kuskure, ya zama caca. Aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta jera ta tare da giya da gumaka, ta 91 kuma ta faɗi abin da take haifarwa na gaba da ƙiyayya da shagala daga salla. Babu bambanci tsakanin naira ɗari da miliyan, ko tsakanin shago da waya, ko a ce ai tsakanin abokai ne wanda ya faɗi ya sayi tsire. A Bukhari da Muslim an umarci wanda ya gayyaci abokinsa caca kawai, ko ba a yi ba, da ya yi sadaka.

Wasu kan kafa hujja da ƙissar Sayyidina Abubakar (RA). Lokacin da Farisa ta ci Rumawa da yaƙi, farkon Suratur Rum ya sauka da labarin cewa Rumawa za su rama cikin 'yan shekaru. Mushirikan Makka suka ƙaryata, Abubakar ya sa jingina da su a kan haka. Amsa ita ce riwayar Tirmizi ta bayyana cewa wannan ya faru ne kafin a haramta irin wannan jingina. Sannan abin da ya dogara da shi wahayi ne daga Wanda Ya san gaibu. Abin lura ma, a wurin da aka bar masa ya yi nasa ƙiyasi, wato adadin shekarun, wa'adin da ya yanka ya yi gajere, domin kalmar da ayar ta yi amfani da ita tana ɗaukar daga uku har zuwa tara.

Ko a ajiye hukunci a gefe, lissafin kansa ya isa ya sa mai hankali ya tsaya. A ɗauka 'yan dambe biyu ne da ƙarfinsu ya zo ɗaya. Audu ya sa naira 1,000 a kan wannan, Tanko ya sa 1,000 a kan wancan. Adalci shi ne wanda ya dace ya karɓi 2,000. Kamfani kuwa zai rubuta cewa 1,900 zai biya. Ko wa ya faɗi a fage, naira 100 ta zauna a aljihunsa. Shi ba ya hasashen komai, farashi yake gyarawa yadda kuɗin ɓangarorin za su rufe juna. Saurayin da ya kwana yana nazarin tsawon hannun Usyk da nauyin Fury yana fafatawa ne da wanda bai damu da wa zai ci ba. A Oktoban 2024 Hukumar Hisbah ta Jihar Kano ta rufe shagunan cacar wasanni da dama bayan koke-koken iyaye, sai dai shagon da ya fi ciniki a yanzu yana cikin aljihun yaro, kuma ba shi da ƙofar da za a sa wa kwaɗo.

Shi kansa damben

Ba zai yiwu mu yi wannan dogon zance mu tsallake hukuncin wasan da ake hasashen a kansa ba. Kokawa tana da asali, domin an ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi ta da Rukana ya kayar da shi. Boksin kuwa an gina shi ne a kan dukan fuska da kai, alhali hadisi ingantacce ya hana dukan fuska. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa, a zamanta na goma a Makka a 1987, ta yanke cewa boksin yadda ake yin sa a gasanni haramun ne, saboda kowane ɗan wasa ya halatta wa ɗayan ya cutar da shi cutar da za ta iya kaiwa ga makanta ko lalacewar ƙwaƙwalwa ko mutuwa. Malamai da dama sun sauƙaƙa a kan atisaye da buhu, ko koyon kare kai ba tare da dukan fuska ba. Masu shirya wasan su ma sun san haɗarin: bayan mutuwar ɗan Koriya ta Kudu Kim Duk-koo a 1982 ne aka fara rage damben kambu daga turmi 15 zuwa 12. Ali kansa an gano yana da cutar karkarwar jiki a 1984, ya yi shekara 32 yana fama da ita, ko da yake likitoci sun yi saɓani a kan ko dukan da ya sha ne sanadi.

Mun san mai karatu zai ce to ai a Saudiyya ake yin manyan damben yanzu. Haka ne. A Dir'iyya Joshua ya rama a kan Ruiz a Disambar 2019, a Jidda Oleksandr Usyk ya sake doke Joshua a 2022, a Riyad kuma Usyk ya doke Tyson Fury sau biyu a 2024. Wannan tsari ne na hukumomin nishaɗi da yawon buɗe ido, kuma inda aka yi abu ba ya zama dalilin shari'a a kansa. Wanda ke neman hukunci, wurin malamai zai je.

Saura labarin Foreman. Ya yi shekaru yana kawo uzuri a kan Kinshasa: igiya ta yi sako-sako, alƙali ya yi saurin ƙirga, ruwan da aka ba shi yana ɗanɗanon magani. Daga baya ya sauke duk wannan ya ce Ali ya fi shi ne a daren, suka zama aminai. Ya bar dambe a 1977 ya zama mai wa'azin Kirista, ya dawo bayan shekara goma ana yi masa dariyar tsufa da teɓa. Ranar 5 ga Nuwamban 1994 a Las Vegas, yana da shekara 45, ya tsaya gaban Michael Moorer, zakara ɗan shekara 26 wanda ba a taɓa cin sa ba. Masu caca suka bi bayan Moorer, kuma har ƙarshen turmi na tara alƙalai uku duka shi suka ba gaba. A na goma Foreman ya sauke masa hannun dama a haɓa, bai tashi ba sai da aka gama ƙirga. Gajeren wandon da ke jikinsa a daren shi ne wanda ya sa a Kinshasa shekara 20 da suka wuce, kuma cikin masu ba shi ruwa a kusurwa har da Angelo Dundee.